Maƙoƙo, Gishiri da Saniya: Tarihin Sinadarin da Cokali Ɗaya Ke Isar Mutum Tsawon Rayuwa

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta barin su saurara, da waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Yau da tambaya zan fara. Yaushe rabonka da ganin mai maƙoƙo? Wannan ƙullutun da ke fitowa a gaban wuya, wani kamar lemo, wani har ya kai ƙaramar ƙwarya. Idan kai ɗan birni ne mai shekara ashirin, ƙila sai ka yi dogon tunani. Amma je ka tambayi kakarka. Za ta lissafo maka su da sunayensu, kuma akasarinsu mata ne. A da kowa da abin da yake ɗora wa laifi: wani ya ce ruwan rijiya ne, wani ya ce gado ne, wani ya ce sammu. Turawan da ke zaune a duwatsun Alf su ma haka suka yi ta lalube shekaru aru-aru, suna zargin ruwan ƙanƙara da iskar kwari.

Ashe abin da ya ɓace ɗan mitsitsi ne. Sunansa aidin. E, dangin wannan aidin ɗin da ake shafa wa ciwo yaro ya yi ta tsalle. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250. Maikirogiram fa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. In ka tara abin da mutum zai ci a shekara 70, bai kai giram 4 ba, wato ko ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na ce mata tayirod. Da aidin take haɗa sinadaran da ke tafiyar da girman jiki, ɗuminsa, da ginin ƙwaƙwalwa. In ta rasa shi sai ta yi ta ƙara girma don ta tsamo ɗan abin da ke yawo a jini. Wannan girman shi ne maƙoƙo.

To me ya sa wani gari ke fama da shi, maƙwabcinsa kuma lafiya lau? Domin rumbun aidin na duniya teku ne. Ƙasar da ke nesa da teku, ko kan tudu, ko wadda ƙanƙara da ruwan sama da ambaliya suka daɗe suna wankewa, ba ta da shi sosai. Ƙasa ba ta da shi, ciyawa da hatsi ba su da shi. Saniya ta ci ciyawar, mutum ya ci hatsin ya sha nonon. Kun ga layi ɗaya muke kai da dabbobinmu. Ku riƙe wannan, don za ta yi ta dawowa a labarin.

Gano aidin ɗin ma yaƙi ne ya jawo shi. A 1811 Faransa na tsakiyar yaƙe-yaƙen Napoliyon, ana neman albarushi ido rufe. Wani mutum mai suna Bernard Courtois sana'arsa haɗa gishirin da ake yin albarushi da shi, yana amfani da tokar ciyawar teku. Wata rana ya zuba asid mai ƙarfi, irin na ruwan batir, a kan ragowar tokar, sai ga wani hayaƙi ya tashi mai launi tsakanin shuɗi da ja, ya daskare ya zama ƙyalƙyali baƙi. Bayan shekara biyu masana suka tabbatar sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci ta wannan launin.

Abin sha'awa, tun kafin nan masu maganin gargajiya a Sin suna ba mai maƙoƙo ciyawar teku, na Turai kuma tokar soson teku. Yana aiki, ba su san dalili ba. Wani likita a Janiba, Jean-François Coindet, shi ya haɗa lissafin: ƙila aidin ne ke cikin soson nan. Wajen 1820 ya fara ba majinyata aidin kai tsaye, maƙoƙo ya riƙa sacewa. Murna ta ko'ina. Mutane suka dinga saye suna ɗirka wa cikinsu ba ma'auni.

Daga nan matsala ta kunno. Abin da ake sha ya ninka buƙatar jiki sau ɗaruruwa. Wasu zuciya ta riƙa bugawa fat-fat, hannu na rawa, jiki na ramewa. Nan da nan sunan aidin ya ɓaci, aka ce guba ne. Wallahi ni a ganina wannan kuskuren ma'aunin shi ya ci wa duniya shekara ɗari. Domin duk wanda ya zo daga baya da maganar aidin, tsoron nan ne ke tare masa hanya.

Kuma an zo ɗin. Wani masani Bafaranshe, Boussingault, da ya yi aiki a ƙasar da yau ake kira Kolombiya, ya lura cewa masu cin gishirin wasu maɓuɓɓuga na yankin Antiyokiya ba sa yin maƙoƙo, ya gano gishirin na ɗauke da aidin, ya ba da shawarar a riƙa raba irinsa. Wannan a farkon shekarun 1830 ne fa. Ba a kula shi ba. A shekarun 1850 wani kuma, Adolphe Chatin, ya bi gari-gari yana auna aidin a ruwa da ƙasa da abinci, ya ce inda ya yi ƙaranci nan cutar take. Manyan masanan Faransa suka ƙi amincewa, don sun kasa yarda cewa abu ƙanƙani haka zai iya yin wannan ɓarna. Da aka gwada raba aidin a wasu makarantun Faransa, an sake cika hannu a ma'auni. Ga wata kuma: a lokacin saurayi mai babban maƙoƙo ba a ɗaukarsa soja, don haka wasu iyayen ba sa ma son ɗansu ya warke. Kai, ɗan Adam!

Sai a ƙarshen ƙarnin, wajen 1895 zuwa 1896, wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gano cewa ita kanta tayirod ɗin cike take da aidin. Wato ba baƙon magani ba ne, kayan aikinta ne.

Yanzu mu tsallaka Amurka, inda dabbobi suka shigo labarin gadan-gadan. A 1905 wani matashin likita, David Marine, ya sauka a birnin Cleveland, kusa da manyan tafkunan arewacin ƙasar. Abin da ya fara jan hankalinsa karnukan titi ne, wuyansu a kumbure. Ya shiga binciken karnuka da tumaki da shanu. Aka kira shi wata gonar kiwon kifi a jihar Fensilbeniya inda kifaye ke fitar da ƙulli a maƙogwaro, mutane har sun fara cewa kansa ce. Ya nuna musu maƙoƙo ne, ya sa ɗan aidin a ruwan, ƙullin ya lafa. A can jihohi irin su Montana kuwa makiyaya na kuka: aladu na haifar 'ya'ya ba gashi, a mace ko a galabaice, 'yan raguna da maruƙa na zuwa da kumburarren wuya. Da aka fara ba uwar ɗan aidin lokacin da take da ciki, asarar ta tsaya. Makiyayi ba ya dogon musu, in ya ga ɗan rago ya miƙe ya kama nono, magana ta ƙare.

Mutane ne suka fi wuyar sha'ani. Marine ya nemi a bar shi ya gwada a makarantun Cleveland, aka hana shi, tsoron guba dai. Garin Akron ne ya yarda. Daga 1917, shi da ɗalibinsa Kimball suka riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a ruwa, kwana 10 a jere, sau biyu a shekara, ga waɗanda iyayensu suka amince. Ku ji sakamako. Cikin 'yan mata 2,190 da suka sha, 5 ne kawai tayirod ɗinsu ta ƙara girma. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495. Biyar da ɗari huɗu da casa'in da biyar. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Amma sanin magani daban, kai shi bakin kowa daban. Ba za ka bi kowane gida da kwalba kullum ba, kuma an riga an ga abin da ke faruwa in aka bar wa mutane ma'auni. Amsar ta fito ne daga wasu likitocin karkara a Suwizalan, ƙasar da a wasu yankunanta akasarin 'yan makaranta ke da maƙoƙo, ga kuma yaran da ake haifa kurame, bebaye, gajeru, masu raunin ƙwaƙwalwa. Heinrich Hunziker ya ce rashi ne ba cuta mai yaɗuwa ba, kuma a zuba ɗan kaɗan a gishiri. Otto Bayard ya gwada a ƙauyukan kan dutse daga 1918, yana haɗa gishiri mai ma'auni daban-daban don ya gano mafi ƙanƙantar abin da zai yi aiki. Shi kuma Hans Eggenberger na garin Herisau, shi ne ɗan kamfen ɗinsu. Ya bi ƙauyuka da majigi yana nuna hotuna, yana bayani da harshen mutanen wurin, ya tara sa hannun jama'a, har a 1922 hukumar yankinsa na Appenzell ta amince a sayar da gishiri mai aidin.

Dabarar gishirin nan, ku tsaya ku dube ta da kyau. Talaka na ci, mai kuɗi na ci. Kullum ake ci, kuma kusan gwargwado ɗaya, domin ba wanda zai cinye mudun gishiri don ya ji an ce magani ne, harshensa ma ba zai bar shi ba. Wato gishirin da kansa ya zama ma'auni. Sannan a Suwizalan cinikin gishiri a hannun hukumar kowane yanki yake, ƙofa ɗaya ce. Sun fara da miligiram 3.75 kacal a kilo guda, suna ƙarawa sannu a hankali cikin shekaru masu yawa, har ya kai 25 a 2014. An daina haifar yaran nan masu naƙasa, makarantun kurame suka fara rasa ɗalibai. A Amurka jihar Mishigan ce ta fara, ranar 1 ga Mayu 1924, da ƙoƙarin wani likitan yara, David Cowie, kafin kamfanin Morton ya baza shi ƙasa baki ɗaya a wannan shekarar.

Birtaniya kuwa labarinta ban dariya ne. Suna da maƙoƙo sosai, har ana yi masa laƙabi da wuyan mutanen Derbyshire, amma ba su taɓa tilasta sa aidin a gishiri ba. Duk da haka cutar ta ja da baya. Ta yaya? Saniya. Daga shekarun 1930 manoma suka fara ƙara aidin a abincin shanu don inganta haihuwa da nono, daga baya kuma aka shigo da magungunan wanke hantsa da kayan tatsa masu ɗauke da shi. Aidin ya bi ta madara ya shiga kofin shayin Bature da na 'yan makarantar da ake raba wa madara. Don riba aka gyara abincin saniya, mai saniyar ya warke a banza.

Tunda muna kan dabbobi, bari in ɗan ratse. Ba aidin kaɗai ke irin wannan wasan ɓuya ba. A Niyu Zilan da Ostireliya akwai filaye masu ciyawa shar, amma tumaki da shanu na ramewa su mutu a kai. An zaci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, don in an ba su wata ƙasa mai ƙarfe suna farfaɗowa. A 1935 masu bincike a Ostireliya suka gano ba ƙarfen ba ne, wani ɗan gurɓi ne da ke maƙale a cikinsa mai suna kobal. Sai bayan 1948 aka fahimci dalili: da shi ƙwayoyin halittar cikin tumbin dabba ke haɗa bitamin B12. Mu koma kan aidin.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yawancin mutane na kallon abin a matsayin matsalar wuya, wato muni kawai. Inda aka gane asalin girman ɓarnar shi ne kwarin Jimi, a tsaunukan Papuwa Niyu Gini. Mutanen wurin suna da gishirinsu na gargajiya da suke samu daga wasu maɓuɓɓuga, kuma yana da aidin. Da hukumar Turawa ta iso a shekarun 1950, sai ta shigo da farin gishiri na waje, ana ma biyan lada da shi. Ya fi sauƙin samu, aka watsar da na gida. Shi kuma ba aidin a cikinsa. Cikin 'yan shekaru aka fara haifar yara kurame, bebaye, masu shanyewar gaɓɓai, abin da dattawan wurin suka ce ba su saba gani ba.

Daga 1966 wasu likitoci, Pharoah da Buttfield da Basil Hetzel, suka yi gwaji a kwarin: wasu iyalai aka yi musu allurar mai mai ɗauke da aidin, wasu ta ruwan gishiri kawai. Sakamakon da suka buga a 1971 ya nuna cewa in mace ta samu aidin kafin ta ɗauki ciki, ɗanta ya tsira. In kuwa sai da ciki ya yi nisa, sau da yawa an makara. Hetzel ya koma Ostireliya, shi da abokan aikinsa suka gwada a tumaki masu ciki, suka ga ƙwaƙwalwar ɗan tayin ba ta ginuwa daidai in uwar ba ta da aidin. Tunkiya ta sake ba da shaida. A 1983 ya ce a daina cewa maƙoƙo kawai, a ce cututtukan ƙarancin aidin, domin ƙullin wuya shi ne kaɗai ido ke gani. A ƙarƙashinsa akwai ɓari, haihuwar gawa, da ɗimbin yaran da wuyansu lafiya lau amma an rage musu kaifin fahimta tun suna ciki. Yaron da ake ta zane wa a aji ana ce masa daƙiƙi, wani lokacin tun kafin a haife shi aka cuce shi. Maƙoƙo na iya sacewa, amma ƙwaƙwalwar da ba ta ginu a ciki ba, ba ta dawowa.

Wannan ne ya sa taron shugabannin duniya kan yara na 1990 ya ɗauki alƙawarin kawar da matsalar, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya kan cewa a sa aidin a duk gishirin da ake ci, na mutane da na dabbobi. Najeriya ta tilasta hakan a 1993, lokacin da bincike ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan makarantar da aka duba na da maƙoƙo. Ƙa'idar ita ce miligiram 50 a kilo daga masana'anta ko tashar jiragen ruwa, 30 a kasuwa. Abin da ya taimaka, irin na Suwizalan ne: yawancin gishirin ƙasar ta hannun kamfanoni ƙalilan yake bi. Hukumar NAFDAC a zamanin Dora Akunyili ta matsa lamba, a 2005 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cika sharaɗin. Ga amsar tambayar da na fara da ita. Ba haka kawai ka daina ganin masu maƙoƙo ba.

Mu a ƙasar Hausa ai ba a yi mana bayanin darajar gishiri. Ayarin raƙuma ya daɗe yana ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fachi, ga manda da mangul, ga na Foga. Bafulatani ya san shanunsa na son kanwa, kuma kowace shekara wajen ƙarshen damina makiyaya na kora garke zuwa Ingal don su sha ruwan gishiri su ci ciyawar wurin. Ilimi ne na gaske, kakanninmu sun gane ciyawa kaɗai ba ta isa. Sai dai kanwa da gishirin sahara wata buƙatar suke biya, ba ta aidin ba, kuma ba su bi ta masana'antar da ake ƙara shi ba. Shi ya sa a wurare irin Nijar, inda gishiri ke shigowa ta ƙofofi da yawa ga kuma na gida, aikin ya fi wuya. Ko gishirin teku ma, wanda za ka zaci yana da shi, ɗan kaɗan ne a ciki in ba an ƙara ba.

Akwai kuma abincin da ke ƙara tsananta rashin. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana sakin wani sinadari da ke hana tayirod kama aidin, an ga haka ƙarara a wasu yankunan Kwango. A Darfur ta Sudan kuma masu bincike sun alaƙanta yawan maƙoƙo da dogaro kan gero. Kada wani ya je ya ce na ce a daina shan fura, a'a. Matsalar tana tasowa ne inda aidin ɗin dama ya yi ƙaranci.

Shi kuma aidin na cikin gishiri ba ya son laima da rana da zama a buɗe. Don haka ne a ƙasashe masu zafi ake amfani da nau'in da ya fi juriya, amma duk da haka buhun da aka farke aka baje a tire yana shan rana wata da watanni ba daidai yake da ƙullin da ke rufe ba. Ku duba jikin leda ko an rubuta yana da aidin, a zuba a mazubi mai murfi, nesa da murhu. Ba cewa aka yi a ƙara cin gishiri ba fa, hawan jini na nan yana jira. Ƙasa da giram 5 a rana shi ne shawarar likitoci, kuma in mai aidin ne ya wadatar. Wanda ya riga ya ga kumburi a wuyansa, asibiti zai nufa, domin ba kowane ƙulli ne na rashin aidin ba. Kuma don Allah kada wanda ya sha aidin ɗin ciwo, mutanen Janiba sun riga sun gwada mana a 1820.

Masu kiwo kuma, ko da 'yan awaki biyu ne a bayan ɗaki: in akuya ko tunkiya ta haifi ɗa da kumburarren wuya, ko mai ƙarancin gashi, ko ya zo a mace ba wani dalili, a gaya wa likitan dabbobi, a tambaye shi dutsen lasa mai sinadarai. Sannan a leƙa kicin a duba wane gishiri ake zuba wa miyar gidan, musamman in akwai amarya ko mai ciki.

Wanda kakarsa ta ba shi labarin abin da ake cewa yana kawo maƙoƙo a garinsu, ya rubuto mana a ƙasa, da sunan garin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.